Babban gyambon baki: ruwan gishiri, kemis, ko asibiti?

Ranar da gyambon ya cika kwana 12 na daina cin tuwo. Ba yajin miyar ne kaɗai ba, lomar ma in ta goga wurin sai hawaye ya zubo mini. Na koma koko, shi ma sai ya huce sarai, ina karkata kai ina zuba shi ta gefe guda kamar mai ba jariri magani. A cikin kuncina na hagu yake, can kusa da turame, fari-fari a tsakiya da jan zobe kewaye da shi, faɗinsa ya fi farcen ƙaramin yatsana. Ga ni malamar aji, sana'ar da duk baki ce.

Shawara kuwa ban rasa ba. Goggo ta ce, "Ke dai jiƙa bagaruwa ki riƙa kurkurewa, zafi ne ya taso miki." Abokiyar aikina ta ce in fasa ja-da-yalo in barbaɗa garin a kai. Maigidana ya ce mu tafi asibiti. Na bi hanyoyin nan uku ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace tana da gaskiyarta, sai dai ba gyambo ɗaya suke yi wa magani ba. Shi ya sa kafin a zaɓi hanya, sai an tsaya gaban madubi da tocila an san wanne ne a bakin.

Wanda kusan kowa ya sani shi ne ƙaramin nan mai kamar ƙwayar dawa, wanda yake fitowa a cikin leɓe ko ƙarƙashin harshe, ya yi ta raɗaɗi kwana uku zuwa huɗu, ya warke da kansa cikin kwana 7 zuwa 14 ba tare da tabo ba. Kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da shi jefi-jefi, kuma wajen kashi 80 cikin 100 na masu wannan larura irin ƙaramin suke yi. Babban yayansa shi ne wanda faɗinsa ya haura santimita 1, wato ya fi ƙwayar wake. Ya fi zurfi, yana son leɓe da can bayan ganɗa kusa da maƙogwaro, yana iya kai mako 6 bai rufe ba, in ya tafi kuma sau da yawa sai ya bar tabo. Wajen mutum ɗaya cikin goma na masu larurar ne suke haɗuwa da shi. Dukansu biyu ba a ɗaukarsu ta kofi ko cokali. Daban suke da ƙurajen nan masu ruwa da ke fesowa a wajen leɓe bayan zazzaɓi. Waɗancan ƙwayar cuta ce ke kawo su, kuma ana ɗauka.

Matsalar babban gyambo ita ce yana da masu kama da shi. Tsinin haƙorin da ya ɓalle yana iya huda gefen harshe ya yi miki mai faɗi. Tarin fuka da tunjere suna iya fitowa a baki. Ƙanjamau yana kawo manyan gyambuna masu naci. Sankarar baki ma, a farkonta, gyambo ce kawai. A ido duk kusan ɗaya suke, musamman idon wanda ba aikinsa ba ne. Kuma zafi ba ma'auni ba ne, nan ne yawancinmu muke ruɗewa: wanda ya fi hana barci galibi shi ne marar haɗari, wanda likitoci suka fi tsoro kuwa yakan yi makonni bai dami mai shi ba.

Maganin gida

Ruwan gishiri shi ne na fi yarda da shi a cikin duk abin da ke ɗakin girki. Rabin ƙaramin cokali a kofi guda na ruwa mai ɗumi, a guntsa, a juya shi a baki, a zubar, sau uku ko huɗu a rana, musamman bayan cin abinci. Ba ya rufe gyambo, amma yana wanke ragowar abinci daga ramin, ya rage wari, kuma ba ya cin ko sisi. Kuskuren da ake yi shi ne dangwala gishirin tsura a kan mikin, wai in ya yi zafi yana aiki. Ba ya aikin komai sai ƙara wa naman rauni.

Zuma mai kyau tana lulluɓe wurin ta kwantar da raɗaɗi na ɗan lokaci, ban da jaririn da bai cika shekara ba, shi ba a ba shi zuma. Bagaruwar Goggo ma ba banza ba ce: ɓaurin nan nata yana tsuke nama, shi ya sa majema suke jima da ita, kuma na ji sauƙi kamar na rabin awa duk lokacin da na kurkure da ruwanta. Bayan nan sai zugin ya dawo inda yake. Kanumfari yana kashe zafi, amma mansa in an ɗiga shi tsura yana ƙona fatar baki. Kanwa kuwa, da ƙwayar asfirin da wasu ke dannawa a kan ciwo, waɗannan ƙuna suke ƙarawa a kan ƙuna.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani a gida shi ne abin da aka bari. Yaji, lemon tsami, tsamiya, zoɓo mai tsami, abarba, soyayyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, shayi mai tururi. A koma buroshi mai laushi, asuwaki kuma a tauna shi ya yi taushi sosai, a kauce wa gefen. Wasu man goge baki suna da sinadarin kumfa da ake rubuta shi SLS a jikin kwali, akwai mutanen da in suka sauya zuwa wanda babu shi gyambon yakan rage yawan dawowa.

Ga ƙaramin gyambo, wannan hanya ta wadatar, ba sai an kashe kuɗi ba. Ga babba, tallafi ce kawai. Ni kwana 12 na yi a kanta, gyambon yana ƙara faɗi.

Kantin magani

A nan ne zaɓin ya fi yawa, a nan ne kuma aka fi yin kuskure, don haka bari in daɗe.

Abin da ke kan kanta iri uku ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Akwai masu kashe zafi kawai, irin Difflam na kurkure baki, da man shafawa mai lidoken, da Bonjela. Ba sa warkarwa. Amfaninsu shi ne a sa minti kaɗan kafin cin abinci, wurin ya mutu, a samu a ci a ƙoshi. Ga wanda ya kwana uku yana shan koko zalla, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai Bonjela na manya ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba, domin sinadarinsa dangin asfirin ne. In ana son ƙwayar haɗiya, farasitamol ta fi dacewa. Su ibufirofen da dikilofenak akwai waɗanda su ne ma suke tayar musu da gyambon.

Na biyu su ne masu tsabtace baki, babbansu kulohekzidin, wanda aka fi sani da Corsodyl. Mililita 10, a riƙe a baki minti ɗaya, a zubar, safe da dare. Yana hana ƙwayoyin cuta samun wurin zama a cikin mikin, ya kuma tsaya wa mutum a kwanakin da buroshi ba ya shiga. Aibinsa biyu: yana rina haƙora da harshe su yi ruwan ƙasa in an daɗe ana amfani da shi, musamman ga mai shan shayi, yana kuma dusashe ɗanɗanon abinci. Rinin yana fita in an wanke haƙoran. A bar tazarar rabin awa tsakaninsa da man goge baki, don kumfar tana rage masa ƙarfi.

Na uku, wanda shi ne yake taɓa asalin ciwon, man sitiroyid ne na shafawa a baki, irin tirayamsinolon da ake sayarwa da sunan Kenalog. Gyambon da muke magana garkuwar jiki ce take far wa fatar baki, sitiroyid kuma kwantar da ita yake yi, sai zafin ya ragu, kwanakin su gajarta. Akwai dabarar sa shi, wadda mai kantin bai gaya mini ba: a tsane wurin da auduga tukuna, a ɗora ɗan kaɗan a danna, kada a murza, don in an murza sai ya dunƙule kamar tsaki ya faɗo. A sa bayan cin abinci da kuma lokacin kwanciya, na daren ya fi zama tunda ba magana ba taunawa. Ya fi aiki in an fara shi da wuri, tun wurin yana ɗan ƙaiƙayi bai buɗe ba. Ni da na fara a kwana na 13, sauƙin da na samu kaɗan ne.

To amma sitiroyid sai a kan gyambon da aka san ko wane ne. In ƙurajen zazzaɓin nan ne masu ƙwayar cuta, yana iya ƙara musu faɗi. In farin abin nan ne da ke shimfiɗa a harshe kamar kindirmo, wanda dangin funfuna ke kawowa, ciyar da shi yake yi. In kuwa mugun miki ne, zai rage ja da kumburin gefensa, mai shi ya ce ai an samu sauƙi, wata guda ya wuce a banza. Shi ya sa ƙa'idarsa take mako guda: in an yi kwana 7 ana shafawa ba a ga canji ba, a daina saye, a je a duba. Ƙwayoyin sitiroyid na haɗiya kuwa, su firednisolon da deksa, waccan da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe, ba abin karɓa a kan kanta ba ne. Suna tayar da suga da hawan jini, suna ƙwaƙule ciki.

Sai ja-da-yalo, wato tetirasayikilin. Abin mamaki, abokiyar aikina ba ta yi nisa da gaskiya ba, don likitoci kan rubuta shi ko ɗan'uwansa a narka a ruwa a kurkure a zubar. Amma barbaɗa garin tsura a kan miki wani abu ne daban, na gwada sau ɗaya, sai da na riƙe bango. Ba a ba mai ciki, ba a ba yara ƙanana, domin yana rina haƙoran da ke tasowa rinin da ba ya fita. Shan kafso na kwana biyar kuma, kamar yadda ake haɗa wa mutane a leda, ba ya yi wa wannan gyambo komai, tunda ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba. Shuɗin maganin nan da ake kira jibi ma haka: yana rina wurin har likita ya kasa ganin launin mikin, in an yawaita shi kuma shi kansa yana saɓule fatar baki.

Bitamin fa? Kusan duk wanda ya shiga kemis da ciwon baki sai ya fito da bitamin C da B. Ba za su cutar ba. Gaskiya ne ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, da bitamin B12, da folik asid suna cikin abubuwan da ke sa gyambo ya riƙa dawowa. Amma wanne ne ya yi ƙaranci, kuma me ya sa, wannan ba a gane shi ta kan kanta.

Asibiti

Kwana na 19 na je. Abin da ya hana ni tun farko shi ne layi da kuɗin kati, da kuma jin kunyar a ce na zo asibiti saboda ciwon baki. Ban ma san wanda zan gani ba. Mutane da yawa suna ɗauka likitan haƙori cire haƙori kawai ya iya, alhali baki gaba ɗaya fagensa ne: harshe, dasashi, kunci, ganɗa. Manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da sashen haƙori da tiyatar baki da muƙamuƙi, asibitocin jiha da yawa ma suna da ɗakin haƙori.

Abin da likitar ta yi bai kai minti goma ba, amma babu ɗaya a ciki da zan iya yi wa kaina. Ta sa safar hannu ta matsa gefen mikin tsakanin yatsu biyu tana jin ko yana da tauri. Ta shafa ƙarƙashin muƙamuƙina da wuyana tana neman kaluluwa. Ta bi haƙoran gefen da yatsa ko akwai mai kaifi. Sannan tambayoyi: "Malama, wannan ne na farko ko yana zuwa yana tafiya? A gidanku akwai mai yi? Kina shan wani magani kullum? Yaya jinin al'ada? Akwai irinsa a gabanki, ko jan ido, ko gudawa mai naci?"

Kowace tambaya da inda ta dosa. Larurar tana bin jini, in iyaye suna yi 'ya'ya sukan yi. Damuwa da rashin barci suna tayar da ita, haka kwanakin al'ada ga wasu mata, haka makonnin farko bayan mutum ya bar sigari. Akwai magungunan da ke buɗe manyan gyambuna a baki, irin nikorandil na ciwon zuciya da metotireksat na ciwon gaɓoɓi. Wanda yake shan su kada ya daina da kansa, ya koma wurin wanda ya rubuta masa. Gyambon baki tare da na al'aura da jan ido alama ce ta cutar da wani likitan fata na Turkiyya, Hulusi Behçet, ya bayyana a 1937, wadda take iya taɓa gani. Gudawa da rama kuma suna nuna hanji.

Ni gwajin jini ne ya tona asiri: ƙarfen jinina ya yi ƙasa, ga haihuwa, ga shayarwa, ga al'ada mai yawa. (Masu cewa ciwon baki basir ne ba su faɗi daidai ba, amma akwai wata doguwar hanya da maganarsu take zagayowa: basir mai zubar da jini yana rage ƙarfen jini, ƙarancinsa kuma yana kawo gyambo.) An rubuta mini ƙwayar sitiroyid mai narkewa, in narka a ruwa kaɗan in riƙe a baki in zubar, ba haɗiyewa. Wannan ya fi man shafawa isa lungun da yatsa ba ya kaiwa. An haɗa mini da maganin ƙarin jini na watanni. Cikin kwana huɗu na ci tuwo da miyar kuɓewa marar yaji.

Ga wanda nasa ya fi nawa tsanani, asibiti na da matakan da babu su a ko'ina: sitiroyid na haɗiya na 'yan kwanaki bisa lissafi, ko allurarsa a gefen mikin, ko kolcisin ga mai yawan dawowa. Wani lokaci kuma maganin ba ƙwaya ba ne sam. Kawuna ya yi mako biyar da miki a gefen harshe, duk gida an tsorata, ashe turminsa ne ya ɓalle ya bar tsini kamar reza. Aka goge tsinin, kafin mako biyu wurin ya rufe. Kwalaben da ya sha kafin nan sun cika leda.

Sai abin da ake tsoro. In miki ya wuce mako 3 bai nuna alamar rufewa ba, ko gefensa ya yi tauri ya ɗago kamar bakin tukunya, ko yana zubar da jini da an taɓa, ko akwai fari ko jan tabo kusa da shi, ko ƙullutu a wuya, likita zai so ya yanki ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa a kai ɗakin gwaji. Ana kashe wurin da allura, ba a kwana. Na san maganar da ake yi, wai daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi sai ya bazu. Wannan magana ta sa mutane da yawa zama a gida har ciwon ya ci muƙamuƙi. Yankan gwaji ba shi ke yaɗa sankara ba, watannin da aka yi ana jira ne, kuma sankarar baki in an kama ta tana ƙarama tana cikin waɗanda ake warkewa. Gefen harshe da ƙasan baki su ne wuraren da ta fi so. Mai shan sigari, da mai shan giya, da mai cusa garin taba a leɓe, irin tumbak ɗin da ya yaɗu a Sudan, su ne kan gaba, musamman in an haura shekara 40. Irin waɗannan ko mako ukun bai kamata su cika ba.

Yaro kuwa lissafinsa daban ne gaba ɗaya, kwana ake ƙirgawa ba mako ba. In zazzaɓi ya zo da ƙuraje cike da baki har ya ƙi nono ko ruwa, abin tsoron bushewar jiki ce, a kai shi a ranar. In kuma yaro ne ɗan shekara 2 zuwa 6, ramamme, wataƙila bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, sai dasashinsa ya yi miki yana jini, baki yana wari, kunci ya fara kumbura, to a yi zaton noma, wadda wasu ke kira ciwon iska. Cikin 'yan kwanaki take huda kunci, kuma in ba magani tana kashe har tara cikin goma. A farkonta kuwa maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da wanke baki suna tsayar da ita. Sakkwato na da asibiti na musamman dominta tun 1999, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. A nan babu zancen bagaruwa ko kemis.

To wacce za a bi? In ƙarami ne kuma an saba da shi, gida. In babba ne, kuma likita ya taɓa dubawa ya ce irin mai dawowar nan ne, kemis ta isa: Kenalog tun ranar farko, Corsodyl safe da dare, mai kashe zafi kafin abinci, ruwan gishiri a tsakani. In babba ne kuma wannan ne karon farko, ni a ganina a tsallake kemis a fara da asibiti. Da na haɗa abin da na kashe a kwana 19 na jeka-ka-dawo, ya fi kuɗin kati da gwajin jinin, ban da darussan da na koyar da rabin baki. Mai ciwon suga, da mai ciki, da mai ɗauke da ƙanjamau, da wanda gyambon ya zo masa da zazzaɓi ko rama ko wahalar haɗiya, su ma asibiti kai tsaye.

Nawa ya rufe a mako na biyar, ya bar wani ɗan tabo mai tauri da harshena yake zuwa dubawa ba tare da na aike shi ba. Sau biyu ya sake leƙowa tun daga nan, duka ƙanana. Duk ranar da na ji alamarsa nakan ɗauki biro in zagaye kwanan watan a kalandar da ke bayan ƙofar ɗaki, in ƙirga kwana 21 in sa wani zagayen.